Jinina Ya Ƙare Ina Rabon Tuwo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun kafin azumi rabona da shafin nan. Masu tambayar ɗinki da masu cewa ko lafiya, duk na ga saƙonninku. Bakin amsawa ne ban samu ba sai yau.

Na yi jinya. Cikin da wasunku suka san ina ɗauke da shi kuma, Allah bai yi zai taka ƙasa ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, a Tiga muke. Maigidana, Baban Zainab, masunci ne, ni kuma ina taɓa ɗinki a gida. Yaranmu huɗu.

Da kayan abinci suka yi tsada, duk kifin da ya kamo a bakin ruwa yake sayarwa, a auno masara, a sayo gishiri da ɗan manja. Tuwo miyar kuka yau, gobe ma haka. In na zo rabo, kwanonsa da na yara nake fara cikawa, ni in kankare ƙanzo in kora da ruwa. In sun tambaya in ce na ƙoshi. Haka na ga mahaifiyata tana yi, ban ɗauke shi wani abu ba.

Da jiri abin ya fara. Sai haki, ko tsakar gida na share sai na zauna. Ƙafafuna suka kumbura, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Babu abin da nake kwaɗayi kamar farar ƙasa. Kowa ya ce ai ciki ne. Awo kuma na daina zuwa, saboda kuɗin acaɓa yana sayen rabin kwanon gari.

Wata safiya ina kan keken ɗinki na ga duhu. A mota na farfaɗo, kaina a cinyar Inna, mahaifiyar maigidana, tana ta salati.

A asibiti nas ta ja fatar idona ƙasa, ta kalli tafin hannuna. Ta ce, "Baiwar Allah, da me kike tafiya? Babu jini a jikinki."

Aka ɗebi jini aka gwada, aka ce sai an ƙara min nan take. Baban Zainab ya ba da leda ɗaya, ƙanena ya ba da ɗaya, ta uku saya muka yi. Akuyata ce ta tafi a nan, da komarsa ta kamun kifi guda.

Sai aka yi hoton cikin. Likita ya daɗe yana yawo da na'urar a kan marata. Ni ma tun kwana guda kafin nan ban ji motsi ba, amma na ƙi gaya wa kowa, har kaina.

Ya ce, "Malama, sai dai haƙuri."

Aka sa min ruwan naƙuda. Na sha wahalar haihuwa kamar kowace mace, amma ɗakin shiru. Namiji ne. Inna ta naɗe shi a zaninta, suka kai shi ban gan shi ba.

Daga baya nono ya kawo, rigata tana jiƙewa, babu mai sha. Wannan ya fi allura da komai ciwo.

Ranar da likita ya zo zagaye, ya tambayi maigidana sana'arsa. Ya ce kamun kifi yake yi.

"To Malam, yaushe rabon matarka da cin kifi?"

Baban Zainab, mutumin da ko a rasuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba, ya juya ya fuskanci bango. Don Allah kada kowa ya zage shi. Shi ma da koko yake wuni a kan ruwa.

Bayan an sallame mu, na lura Zainab, babbar 'yata mai shekara tara, tana ture kwanonta gaban ƙannenta.

Na ce, "Ke, cinye mana."

Ta ce, "Umma, na ƙoshi."

Muryata na ji a bakinta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Tun ranar muka canja. Kuɗin bai ƙaru ba, har yanzu wata rana sau biyu muke ɗora tukunya. Amma ƙananan kifin da masu sari ke rainawa yanzu gida suke zuwa, in busar, in daka har ƙayar, in zuba a miya. Zogalen da ke jikin dangarmu shekara da shekaru muna kallo, yanzu kwaɗo ne da ƙuli-ƙuli. Nas ta koya min soya waken suya in haɗa da gero a niƙa na kunu. Kuɗin da yara ke kashewa a alewa, wake nake aunowa da shi. Kuma tare nake zama da su mu ci, suna gani.

Ina shan ƙwayoyin ƙarin jini. Gwajin da aka yi min makon jiya ya yi kyau, har na koma kan keke.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da ta yi ta wanke ni kamar jaririya, da maƙwabtan da suka riƙe min yara, da ma'aikatan da ban ma san sunayensu ba.

'Yar uwa, in kina jiri ko haki, je ki a gwada jininki. Kada ki fasa awo, ko da ƙafa ne. In kin raba abinci, ki ƙirga har da kanki. Maza kuma, ku riƙa leƙa kwanon matanku.

Har 'yan riguna na ɗinka wa jaririn da na rasa da ragowar yadi. Jiya na iya fito da su, na kai wa maƙwabciyata da ta haihu. Sun yi wa yaronta daidai.

Ku sa mu a addu'a.