Duron baƙin mai da mahaifina ya zaɓa

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya ajiye tuƙi ya damƙa mini makullin motarsa, mun yi wata jayayya ni da shi a kan abin da ko yara ba za su tsaya musu a kai ba, wato inda za mu riƙa tara baƙin mai.

A Tanut muke. Motar ta bin kasuwanni ce, tana kwasar kaya da mutane zuwa Belbeji da Tarka da ƙauyukan da ke tsakani, kuma duk wanda ya san hanyoyin nan ya san yadda rairayi ke cin inji. Shi ya sa ba ma wasa da juyen mai. A gida muke yi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da muke kira gareji don dai mu ji daɗin bakinmu. Man da ya mutu kuwa a cikin wani tsohon rabin duro yake taruwa, can ƙuryar gida, jikin ɗakin hatsi. Duron ya girme ni. A shekarar da nake ba ku labari gindinsa ya yi tsatsa ya fara yoyo, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, kajin mahaifiyata suna bi ta ciki su zo su buga mata tambari a kan tabarma. Ta ce ko mu yi wa abin nan magani, ko ta yi mana.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da abubuwan da nake gani a waya. Na ga wani tanki mai ƙananan tayoyi, da faranti a sama, da famfo a gindi. Ka tura shi ƙarƙashin mota, mai ya zuba, ka jawo abinka ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Na nuna wa mai walda na unguwarmu hoton, ya ce zai ƙera mini irinsa. Dabarata ita ce in ajiye shi a ƙofar gida, duk mai so ya murɗa famfo ya ɗiba. Don baƙin mai a garinmu ba shara ba ne. Akwai masu shafa wa azara saboda gara, akwai masu amalanke, akwai kuma makiyaya da ke shafa wa raƙuma idan ƙazuwa ta kama su. Na gaji da amsa sallama hannuna duk maiƙo.

Na kai wa mahaifina wayar yana kwance a zaure. Ciwon da ya zama ajalinsa ya riga ya fara, ƙafafunsa a kumbure suke. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Ba wannan ba," in ji shi. "Ka samo duro na ƙarfe mai kauri, kada ka kawo mini roba, mai zafi zai lanƙwasa ta. A yi masa murfi saboda rairayi da ruwan sama, a sa raga a baki. A mayar da shi inda tsohon yake. Kuma ban da famfo."

Na ce, "Haba Baba, ban da famfo fa ka ce? Kafin a cika bido ɗaya da gwangwani ai sai mutum ya yi furfura."

"To ya yi mana. Ina yake sauri zuwa?"

Na ci gaba da kawo hujjoji kamar wanda ya karanta abin a makaranta. Ya bar ni na gama kaf, sannan ya ce, "In ka sa famfo a waje, abokina a waje zai tsaya."

Na san wanda yake nufi. Wani dattijo ne makiyayi daga wajen Tenhiya, dogo, siriri, kullum rawani ya rufe masa baki. Mu yaran gida Baba mai raƙuma muke ce masa, don muna ƙanana a kan raƙumi yake zuwa. Daga baya ya koma biyo motar kasuwa, ni dai na ɗauka tsufa ne. Duk ranar kasuwar da ya shigo gari sai ya zo gidanmu da bidonsa na roba, wato jarka, da wata jakar fata. Ba ya tambayar mai. Zai ajiye bidon gefe ya zauna, a ɗora shayi, su yi ta hirar ruwa da ciyawa da mutanen da suka mutu. Can sai mahaifina ya ce, "Yaya ƙazuwar raƙuman?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, sai dai ba su rabu da ita ba." Daga nan mahaifina ya kwashi bidon da jakar ya shige cikin gida, ya daɗe, a kawo wa baƙo abinci.

"Mutumin nan bai iya roƙo ba," in ji mahaifina. "Ba na so ranar da babu ni ya zo ƙofar gidan nan ya juya. Ka bar masa dalilin shigowa."

Ban so maganar mutuwa ba, sai na tashi ina ƙunƙuni. Na je na samo duron, mai walda ya yanke bakin ya sa raga da murfi yana yi mini dariya, wai ina tankin zamanin da na zo da shi. Muka kafa shi a kan duwatsu jikin ɗakin hatsi. Mahaifina ya dogara da kafaɗata ya je ya gani, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce ya yi.

Bai ga an girbe hatsin shekarar ba. Ya rasu da damina, lokacin makiyaya duk sun yi arewa, ba hanyar da za a aika wa abokinsa.

Sai bayan kaka ya zo. A kasuwa aka gaya masa. Na fito na tarar da shi a tsaye a bakin zaure, bido a hannu, bai yi ko sallama ba. Na shimfiɗa masa tabarma, ya yi mini gaisuwa da wata murya da ban san shi da ita ba, muka yi addu'a. Na ɗora shayi, amma hirar ta ƙi. Ni ban san rijiyoyin da ya sani ba, shi bai san abin da zai ce da ni ba. Yana gama kofin farko ya fara laluben takalmansa.

Na yi wuf na ɗauke bidon da jakar na yi cikin gida. Ina ta kamfatar mai da gwangwani ina ɗurawa ta mazurari, ina gaggawa kada ya gaji da jira, sai na ji mahaifiyata a bayana. Ta ɗauki jakar ta buɗe ɗakin hatsi.

"Kai, yi a hankali," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ban ko kwashe tuwo ba."

Na juya na ga tana auna hatsi tana zubawa a jakar, ta ɗora ƙullin sukari da ganyen shayi a sama. Na ce, "Inna, wannan fa?"

"Ashe bai gaya maka ba." Ta ɗaure bakin jakar. "Ba shi da raƙumi ko ɗaya. Tun shekarar farin nan da dabbobi suka ƙare, kana makaranta. 'Ya'yansa sun watse neman abinci, daga shi sai tsohuwarsa. In ka ba shi hatsi a hannu ba zai karɓa ba, gara ya kwana da yunwa. Amma in ya zo ɗibar mai ya koma ya tarar da abu a jakarsa, ai ba wanda ya ba shi."

"Man fa, ina yake kai shi?"

"Allah kaɗai ya sani. Mai yiwuwa maƙwabta yake ba."

Na tsaya da gwangwani a hannu, mai yana bin yatsuna har gwiwar hannu. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, sai a wurin nan, gaban duron baƙin mai. Mahaifiyata ba ta rarrashe ni ba. Cewa ta yi in wanke fuskata kafin in fita, kada baƙo ya gani.

Na kai masa abinci, ya ci kaɗan. Na ajiye bidon da jakar a gefensa, ya kawar da kai bai dube su ba. Na san abin da ya rage, tambayar da mahaifina yake yi masa. Da ƙyar na ce, "Baba, yaya ƙazuwar raƙuman?"

Ya daɗe yana kallona ta saman rawani. Na tabbata ya gane na sani. Sai ya gyara rawanin ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Sai dai ba su rabu da ita ba."

Na ce, "To kada a bari ta yi ƙarfi. Mai yana nan, ba ya yankewa."

Ya ce, "In Allah ya yarda." Na raka shi har tasha ina ɗauke da bidon, shi yana rataye da jakar.

Ya ci gaba da zuwa. A hankali na koyi sunayen rijiyoyi, na koyi zama ba tare da duba waya ba, shi kuma ya riƙa ba ni labarin mahaifina tun yana yaron mota, abubuwan da ban taɓa ji ba. Wata shekara kaka ta wuce bai zo ba, sanyi ya wuce bai zo ba. Na shiga kasuwar dabbobi ina cigiya, wani mutumin wajensu ya ce ai tun damina aka binne shi. Shi ma ba wanda ya aiko mana.

Mutane kan tambaye ni wane irin tanki ya fi kyau a ajiye a gida, in ce musu na ƙarfe mai murfi, in yi shiru da sauran. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne mahaifina ya tafi yana ganin ƙunƙuni na yi masa, ban samu na ce masa na gane ba. Shi da abokinsa sun riƙe maganar nan shekara da shekaru, har suka shiga ƙasa ba wanda ya buɗe baki. Ni ne yau na fasa ta, shi ya sa ban kama sunan kowa ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san ko na kyauta musu ba.