Allurar da Na Hana Ƙanena

A lokacin da abin nan ya faru ni ce babba a ɗakinmu, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu na zama uwa ga ƙannena. Ina aure a wani ƙauye kusa da Burumburum, amma ko akuya za a sayar a gidanmu sai an aiko an ji ta bakina. Ina da kaifin baki, ba na son musu, kuma a ganina babu ciwon da ban san saiwarsa ba. Ƙanena mai bi mini manomin masara ne, ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake ɗora buhu a kan babur. Kullum cikin tsokanata yake, wai ni ce likitar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Bayan kaka ya fara ramewa. Tuwo ya fita daga ransa, loma kaɗan sai ya ce ya ƙoshi, yana yawan dafe gefen cikinsa na dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Muka ɗauka gajiyar aikin gona ce. Ranar da matarsa ta aiko mini, ina shiga na ga idanunsa sun yi ɗorawa, ta kuma ce fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, ga ƙaiƙayin jiki da ya hana shi sakat. Nan take na yanke hukunci cewa shawara ce. Matar ta ce ta riga ta yi magana da mai mota za a kai shi asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa na rufe ta da faɗa, na tambaye ta ko so take ta zama bazawara, domin tun muna yara muke jin cewa mai shawara in aka yi masa allura sai dai a ɗauko gawarsa. Ta yi kuka ta fasa kiran motar. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce a bar shi, abin da Yaya ta faɗa shi ke nan. Wannan yardar da ya yi da ni ita ce ke cin raina har yau.

Na hana shi mai da nama, na jiƙa masa saiwar rawaya, na dafa ganye iri-iri, yana sha yana yamutsa fuska. Watanni suka shuɗe, hannuwa da ƙafafu suna tsotsewa, ciki yana kumbura kamar na mai juna biyu. Tsoro ya fara shigata, amma girman kai ya hana ni faɗa. Sai ranar da ya yi aman jini a gabana. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ina kiran a nemo mota ba.

Daga asibitin da ke kusa aka tura mu Kano. Da ma'aikaciya ta soka masa allura don ɗibar jini, na runtse ido ina salati, ina jiran in ji an ce ya cika. Na buɗe ido na gan shi yana kallona, babu abin da ya same shi. A nan na san na yi ɓarna. Aka yi masa hoton ciki, aka ƙara wani hoton, sannan likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu. Ya ce ƙwayar cutar hanta ce ta daɗe a jininsa tana cin hantar a ɓoye, irin wadda jariri kan ɗauka daga uwa wajen haihuwa, ko a same ta ta hanyar askar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita. Ya tambaya ko muna cin masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, wai ita ma tana lalata hanta, muka sunkuyar da kai, domin mai kyau kasuwa take tafiya, wadda danshi ya taɓa ita ake niƙawa a gida. Na tambaye shi da mun zo da wuri fa? Ya ce rai na Allah ne, amma ƙari in yana ƙarami akan iya yi masa aiki.

Ƙanena bai ga shukar damina ba. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, roƙonsa ɗaya shi ne in je a gwada ni, tunda likita ya ce duk 'yan ɗakinmu su yi. Na daɗe ina kewaye-kewaye, ni mai baki sai ga ni ina ɓuya. Da na je, aka samu ƙwayar cutar hantar a jinina. Aka gwada 'ya'yana, aka samu a jikin babbar 'yata, sauran aka yi musu rigakafi. Yanzu ni da ita muna zuwa a duba mu lokaci-lokaci, kuma kullum da safe sai na ja fatar idona a madubi, sannan in kira ta in leƙa nata. Tana dariya, ni kuwa ba na fasawa.

Na koyi cewa abin da muka gada ba duka ne gaskiya ba, kuma girman shekaru ba ilimi ba ne. 'Yan'uwa, in ido ya yi ɗorawa, in mutum yana ramewa ba dalili, ku kai shi asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa. Ku je a gwada jininku ko kuna jin lafiya, ku kai jarirai rigakafi, ku zubar da hatsin da ya yi funfuna. Har yau in za a ɗebi jinina tsoro nake ji, amma ina miƙa hannun. Da ƙanena ma ya miƙa nasa da wuri, amma ni ce na tsaya a bakin ƙofa.