Katakon da Alkasum Bahago Bai Yanka Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1985, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Alkasum Bahago masassaƙi, a gidansa da ke cikin tsohon garin Agadez. Ya bar mata ɗaya, Tabawa, da 'ya'ya huɗu. Masu zaman makoki suna cewa ciwon ƙirji ne ya kai shi. Ni ban musa ajali ba, amma na san wanda ya buɗe wa ciwon nan ƙofa, kuma ba zan rubuta ta'aziyyar da za ta rufa masa asiri ba.

Alkasum, kai taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ban taɓa raga maka ba, kai ma ba ka raga mini ba. Ina ce maka bahagon da ba ya iya gaisuwa da hannun kirki, kana ce mini Madam mai ƙanshin magani, don na yi lakkol, wato boko, na zama ma'aikaciyar jinya. Yau na ɗauki alƙalami, babu mai rama mini magana, kuma abin ya fi ƙarfina.

Kowa a garin nan yana da abin da zai tuna. Akwai tsohuwar da ka gyara wa ƙyaure ka ƙi karɓar komai, ka ce ai ƙyauren ne ya roƙe ka, ba ita ba. Akwai masu gishirin Teguidda da suke barin kayansu a zaurenka wata da watanni, su dawo su tarar ko ɓarɓashi bai ragu ba. Amma ni abin da zan faɗa shi ne labarin ɗan ɗakin nan namu, domin shi ne aikinka na ƙarshe, kuma a kansa aka ɓata maka suna.

Sa'ad da fari ya tsananta, makiyaya suka zubo bakin gari babu dabba babu hatsi, aka buɗe wurin ciyar da yara, aka ba ni riƙonsa. Ɗaki ɗaya tal muke da shi na ajiya da wanki, wanda tsawonsa bai wuce kamu shida ba, faɗinsa kamu biyar. A cikinsa ake son randa, da bahon wanki, da buhunan gari, da gwangwanayen madara da mai, da sabulu, da kananzir, da tukwane. Komai a ƙasa yake, muna tsallake wannan mu taka wancan. Na zo na ce ka yi mana almuwar, wato kabad na katako, guda biyu ko uku, yadda kaya za su tashi daga ƙasa.

Na zaci za ka zo da igiyar awo ka gama a yini ɗaya. Sai ga ka da ƙwaryar toka. Ka durƙusa ka zana a daɓe inda kowane almuwar zai tsaya, da inda ƙyaurensa zai kai in an buɗe. Ka miƙe ka kaɗe hannu ka ce, "To, ku yi aikinku kamar suna nan tsaye. Kada wadda ta kiyaye tokar ga, kada wadda ta share ta da gangan. Inda ƙahwa ta goge, nan katako ba shi da wuri."

Na ce maka, "Bahago, yara na kuka da yunwa, kai kana wasan ƙasa?"

Ka ce, "Madam, toka in ta yi kuskure tsintsiya ta isa. Katako in na yanka shi, wa za shi mayar mini?"

Haka kake aiki tun da can, kuma duk wanda ya taɓa ba ka aiki ya sani. Kowace safiya kana zuwa ka duba. Kusurwar da ke kusa da randa ta goge tun ranar farko, sai ka rage tsawon almuwar na wajen da taƙi biyu. Ka kira Habsatu, wadda ta fi mu gajarta a cikin masu dama kunu, ka sa ta miƙa hannu sama, ka yi alama a bango, ka ce kantan almuwar na ƙarshe ba zai wuce nan ba, domin mai gaggawa ba ta neman kujerar hawa. Zurfin kantan kuwa ka auna shi da damtsenta, ka ce abin da hannu bai kai ba ya zama na ɓera. Ka bar taƙi ɗaya tsakanin katako da bangon ƙasa saboda gara, ka ce za ka ɗaga ƙafafun yadda tsintsiya za ta shiga. Sabulu da kananzir ka kai su bango ɗaya, madara da gari ɗaya bangon, don gari yana ɗaukar wari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar tsakiya. Ni na so a matse ta don kaya su samu wuri. Ka ƙi. Ka sa wata uwa mai goyo ta shigo, ta juya, ta sunkuya kan baho, kana kallon inda kan jaririn yake bi. Ka ce mace mai goyo ba ta ganin bayanta, kuma ba za ka yi ƙyauren da zai fasa kan ɗan wani ba. A nan ka yanke shawarar raba kowane ƙyaure biyu, sirara, maimakon ɗaya mai faɗi.

Katako shi ne matsala. Itatuwa sun mutu, na kudu kuwa ba ya zuwa. Amma a bayan magazan, wato ɗakin ajiyar kayan taimako, akwai akwatunan da aka zubar bayan an kwashe madara, rana tana cinsu. Yahaya mai riƙon magazan shi ya ba mu su. A gabana ya bayar, da bakinsa ya ce a kwashe, sun tare masa hanya. Sule shofer ya loda su a kamiyo, babbar motar da yake tuƙawa, ya sauke a ƙofar gidanka da rana tsaka, unguwa tana kallo. Ka ɓalle su, ka jera allunan a zaure, ka ce ba za ka sa musu zarto ba sai toka ta gama magana.

Ana cikin haka aka ga buhunan taimako a kasuwa. Umarni ya zo a bincike duk wanda ya taɓa raɓar magazan. Sojoji suka shiga zaurenka, suka tarar da alluna masu hatimin taimako, ko ɗaya ba a yanka ba. Lasidan, hafsan da ya jagorance su, ya ce in da gaske aikin ɗakin yara ne, me ya sa ba a fara ba? Ka yi masa bayanin toka. Suka yi dariya. Aka kira Yahaya, ya ce shi bai tuna ya ba kowa komai ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ya san in ya amsa zancen akwati, za a kai ga zancen buhu. Sule kuwa ya sami tafiyar Dirkou a ranar.

Na je da ƙafata na faɗi abin da na gani. Lasidan bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Madam, koma ki dama kunu." Suka ɗora maka allo ɗaya a ka, suka zaga da kai kasuwa, mutum mai furfura, ana nuna ka. Suka zaunar da kai a rana a filin bariki, suka kwana da kai a kan siminti har tari ya kama ka. Da suka gaji suka sake ka, babu wanda ya ce ka yi laifi, babu wanda ya ce ba ka yi ba. Allunan kuwa an ga inda suka ƙare, a ƙarƙashin butar shayinsu.

Tun daga nan ba ka sake fitowa ba. Na zo duba ka, na jefa maka tsokanar da muka saba, ka juya fuska ga bango. Abu ɗaya ka tambaye ni, ka ce, "Kadidia, mi mutane ke cewa?" Ba ka taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Ɗakin namu har yanzu kaya suna ƙasa, kuma gara ta shiga buhu biyu.

Ina fushi, kuma ba zan ɓoye ba. Ina fushi da lasidan ɗin nan mai galo a kafaɗa wanda ya ga dattijo ya ga abin wasa. Amma shi baƙo ne, gobe a ɗauke shi. Fushina ya fi yawa a kan 'yan gari. A kan maƙwabtan da suka ga an sauke akwatunan, suka rufe ƙofa ranar da aka zo. A kan waɗanda suka aiko yara suka karɓe kujerunsu da ba a gama gyarawa ba. A kan Yahaya, wanda aka ce mini sahun gaba ya tsaya a jana'iza, yana faɗa wa mutane cewa marigayi mutumin kirki ne. Yahaya, wannan maganar a bariki ake neman ta, ba a bakin kabari ba. Na san tsoro, ni ma ina da 'ya'ya. Amma tsoron da zai sa ka bar mutum ya mutu da sunan ɓarawo, wannan ba tsoro ba ne kaɗai.

Shekaranjiya Mariya, 'yarka ta fari, ta dawo daga famfo tulu babu ruwa, don wata ta kira ta ɗiyar ɓarawon katako. Saboda haka na rubuta wannan, na kai wa limamin unguwa ya karanta ranar sadakar bakwai. In ya ji nauyi, zan tsaya a bakin zaure in faɗa da kaina. Ni Kadidia Illiya, na gani da idona: ba shi katakon aka yi, bai ɗauka ba. Wanda wannan shaida ta ɓata wa rai ya san gidana.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Alkasum, ka yafe kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa wulaƙancin da ya sha ya zama kaffara. Ka bi masa hakkinsa a inda babu galo. Ina miƙa ta'aziyya ga Tabawa da yara, da dangi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Ke kuma Mariya, gobe da safe zan biyo miki. Ki ɗauki tulunki mu je famfon nan tare, ki tsaya a layi da kanki a sama. Ubanki bai saci ko ƙusa ba.