Baba Tela da Dokar Cin Dole

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda kowa a unguwa ke kira Baba Tela. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas.

Baba, wasu za su faɗi kayan da ka ɗinka wa marayu kyauta, da ma'auratan da ka sasanta a bakin shagonka. Ni maganar dara zan yi.

Na shekara biyu da auren 'yarka ban taɓa haɗa ido da kai ba. In na zo gaisuwa sai in durƙusa a bakin ƙofa, in yi ta kallon ƙafar keken ɗinki. Ran nan ka gaji, ka ture yaduka daga kan tebur, ka jawo allo mai gidaje baƙi da fari, ka zube maɓallan kwat, sha biyu baƙaƙe, sha biyu farare. Ka ce, "Malam, kunyar nan ta ishe ni. Zauna."

Ka nuna mini cewa kowane maɓalli ɗa ne, a karkace yake tafiya, gida ɗaya gaba, ba ya komawa baya sai ya kai ƙarshen allo an ɗora masa wani ya zama sarki. Ni malamin lissafi ne, na raina abin a zuciyata. Kafin shayina ya huce ka share ni tas. Amma dokar da ta fi ba ni wuya ita ce cin dole. Ga ɗanka a gabana, bayansa fili, hannuna ya ƙi tsallakewa. Ka buga tebur ka ce, "In ci ya zo, dole ne. A kan allon nan babu suruki."

Shekara goma sha ɗaya muna bugawa duk Asabar, ban ci ka ko sau ɗaya ba. Kana lallasa ni kana goge tabarau, kana tambayata lafiyar ɗalibai.

Da ciwo ya kwantar da kai, kowa ya koma lallaɓa ka, abin da ka fi tsana a duniya. Mako uku da suka wuce muka ɗora allon a kan gadonka. Hannunka na rawa, ka yi kuskure, ka bar mini 'ya'ya uku a jere. Na kau da kai, na tura wani ɗa can gefe. Ka kama hannuna.

"Likita ya hana ni gishiri, 'ya'ya sun hana ni keken ɗinki. Kai ma ka sa ni cikin matattu? Ci!"

Kunyar da na ji ta fi ta farko. Na tsallake ukun nan, tak, tak, tak, na cinye wasan. Ka yi dariya har da tari, ka ƙwala wa matata kira: "Zo ki ga mijinki, yau ya zama mutum!" Sannan ka nuna ni da yatsa ka ce Asabar za ka rama.

Ciwo ya tsananta, ba ka rama ba, Baba, kuma wallahi na fi son a ce ka rama. Allon yana wurina. Jikokinka sun fara koyo, ba na ɗaga musu ƙafa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da 'ya'ya da jikoki, da abokan shagonsa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu haƙurin Asabar.