Telan da Ke Barin Allura a Tsakiyar Ɗinki

Telan nan na bakin kasuwa yana ba ni haushi, don ya nuna mini kaina. Siriri ne, da tef a wuya da guntun alli a bayan kunne, yana taka keke kamar mai bin kiɗa. Ina zaune ina jiran wandona, sai ga mahaifinsa yana dogara sanda.

Nan take ya ɗage ƙafa, allura tana tsakiyar ɗinki. Ya zaunar da tsohon a kujerarsa, ya durƙusa da ƙaramin almakashi yana yanke masa farce.

"Baba, kada ka motsa."

"Ja'iri, in ka yanke ni ai sai ka ɗinke," in ji tsohon.

Na yi gyaran murya, ina duba agogo.

"Yallaɓai, yi haƙuri," in ji telan. "Wando ba ya tsufa a kan keke."

Da gani, mutumin nan ba ya cin abinci shi kaɗai. Yana gamawa ya koma, ya ɗora daga inda ya tsaya, ɗinkin ya miƙe samɓal. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ni da na ajiye kowa saboda aiki, ko aikin nawa bai miƙe haka ba.