Tafin Ƙafar Auta

Yayata mai haɗa magani ce, kuma tun muna yara zurfin ciki gare ta. Ko Baba ya ɗauko bulala, ba ta faɗin wanda ya fasa kofi. Shekara ashirin ta yi a wani ɗan ɗaki a asibiti, tsakanin firji biyu da 'yar tagar da take miƙo magani.

Da aka fara gwajin rigakafin ciwon nan mai fesa wa yara ƙuraje a hannu da ƙafa da baki, da gudu na kai 'yata Auta. Ciwon ya taɓa kwantar da wanta kwana tara, ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. A ƙa'idar gwajin, rabin yaran rigakafi za a yi musu, rabi ruwan gishiri, don a gane ko yana aiki. Likita bai san wa ya samu wanne ba, balle mu iyaye. Yaya kaɗai ta sani, don ita ke zuƙar allurar.

Na ce, "Yaya, don Allah wanne aka yi mata?"

"Ki dai riƙa wanke mata hannu."

"Ciki ɗaya muka fito fa!"

"In na buɗe baki, ƙanwata, gwajin ya lalace."

Wata uku gaisuwa ma da ƙyar nake amsa mata. Ita ko a jikinta. Kullum kafin ta wuce aiki sai ta biyo, ta ɗora Auta a cinya, ta yi mata cakulkuli a tafin ƙafa, ta buɗe hannuwanta ta sumbata, ta ce, "Yi mini hamma irin ta zaki!" A raina nakan ce, wasa kam an iya.

Bayan shekara aka tara mu, aka ce rigakafin ya yi aiki, aka faɗa wa kowa nasa. Ruwan gishiri aka yi wa Auta. A ranar aka yi mata na gasken.

Ina sa mata takalmi na kalli tafin ƙafarta, sai na tuna wasan da Yaya ke yi mata. Ƙafa, hannu, baki. Ashe ƙuraje Yaya take dubawa kowace safiya, tsoron kuma ita kaɗai ta ɗauka.

Na je bakin 'yar tagar ina hawaye. "Na gode, Yaya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Matsa, mutane na jira. Ni dai gobe na huta da sammako."