Shuɗin Philomena na Ƙarshe

Ni mahauci ne a Fagge, kuma shekara talatin na yi ina kai wa mutum ɗaya abin da kowa ke jefa wa karnuka, wato matsarmamar shanu. Mutumin shi ne Baba Ugochukwu, mai ɗinkin littattafai a Sabon Gari. Da farko na ɗauka tsafi yake yi da ita. Allah ya yafe mini.

Ashe takardar ado yake yi, irin wadda ake mannawa a cikin bangon tsofaffin littattafai. Sai ya cika faranti da ruwan ƙaro mai kauri, ya ɗiga matsarmama a fenti don ya bazu a kan ruwan, kada ya nutse. Ya yayyafa kala-kala, ya ja su da wani mataji na ƙusoshi, sai ka ga zane ya fito. Akwai wanda yake kira ƙananan duwatsu, akwai wutsiyar ɗawisu. Daga nan ya kwantar da takarda a kai ta kwashe zanen, ya ɗauraye ta. Ruwan sau ɗaya yake ba da zane, ba ya maimaitawa.

Matarsa Philomena ce ke niƙa masa fenti a bayan shago, ita ke miƙo masa takardu. Kullum suna faɗa, shi ya ce ta cika surutu, ita ta ce hannunsa kawai ke da hankali. Bara ta rasu. Tun daga nan hannun ya kama rawa, masu na'urar buga takardu kuma suka kwashe kasuwar.

Wata Asabar da hantsi ya aiko a kira ni. 'Yarsu Chinenye za ta yi aure, yana so ya gyara mata littafin waƙoƙin coci na uwarta, ya sa masa wutsiyar ɗawisu. Shuɗin da Philomena ta niƙa da hannunta saura ɗan kaɗan a gindin kwalba, na takarda ɗaya tak.

"Malam Tanimu, riƙe mini gwiwar hannu," in ji shi. "Kada ka yi numfashi."

Na riƙe. Ya ja mataji a hankali, wallahi ban taɓa ganin ya fitar da zane mai kyan wannan ba. Ya kwantar da takarda, ya ɗago ta, muka yi dariya kamar yara. Sai ya zuba ruwa don ya ɗauraye ƙaron.

Shuɗin ya bi ruwan. A kan idonmu ya zarce cikin kwata, takarda ta koma fara fat.

Ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Alam."

"Wane alam, Baba?"

"Sai an shafa wa takarda ruwan alam ta bushe, sannan take riƙe fenti. Ni na koya wa Philomena da bakina." Ya zauna a kan benci. "Shekara arba'in ban taɓa shafawa ba. Miƙa hannu kawai nake yi, ta ba ni takarda a shafe."

Ni da nake yanka shanu kullum ko gezau, ranar na yi kuka. Chinenye ta tafi gidan miji da littafin, cikin bangonsa farar takarda. Bai sake aikowa neman matsarmama ba.